Wa Ke Da Ikon Tayar Da Kufai? Tsokaci A Kan Alƙalawa

Duk wanda aka haifa tsakanin Isa da Sabon Birni, ko a garuruwan da ke kewaye da su irin su Bafarawa, da sunan Alƙalawa ya buɗe kunne. Tsofaffi na ambatonsa in ana hirar mazan jiya, makaɗa na sako shi cikin waƙa, mu kuma malaman makaranta muna rubuta shi a allo tare da shekarar 1808. To amma sunan ya fi abin da ya rage a wurin girma nesa ba kusa ba. Baƙon da ya ji labarin birnin Bawa Jan Gwarzo, ya niƙo gari ya zo bakin gulbin Rima don ya kashe ƙwarƙwatar idonsa, abin da zai tarar bai wuce tuddan ƙasa da gonaki da tsingaro ba, sai kuwa wuraren da mutanen yankin za su nuna masa da yatsa su ce nan kaza yake, can kaza yake. Damina fiye da 200 ta sauka a kan ginin ƙasa, kowa kuwa ya san abin da ruwa ke yi wa ginin da ya rasa mai yaɓe.

A da, wanda ke son ganin Alƙalawa yadda take sai dai ya zauna gaban tsoho ya saurara, kowa ya gina tasa a zuci. Yau abin ya canza. Yaro mai wayar hannu na iya umurtar na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta zana masa birnin Gobir, kafin ya shanye kokon kunu ta fito masa da ganuwa mai taɓo sama, da benaye, da mahaya cikin lifidi. Mun ga irin waɗannan hotuna na Sarauniya Amina da na Bayajida suna yawo a Facebook da WhatsApp, jama'a na turawa suna yabawa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masana zanen gine-gine da masu haƙa ƙasa don binciken tarihi, waɗanda ke iya auna kufai da igiya da na'ura su fitar da hoton yadda suke jin gari yake a zamaninsa. Tambayar da muke so mu ajiye gaban 'yan'uwa marubuta ita ce: shin muna da ikon mu cike wa matattu gurbin abin da ƙasa ta cinye? In muna da shi, ina iyakarsa?

Bari mu tuna wa juna tarihin a taƙaice, domin a cikinsa matsalar take. Ƙasar da Alƙalawa ke kai ta Zamfara ce tun asali, ruwaya kuma ta nuna gandun alƙalin Zamfara ne a wurin, daga nan sunan ya samo tushe. Gobirawa sun gangaro ne daga arewa, daga Azbin zuwa Birnin Lalle, suka shigo a matsayin baƙi aka ba su masauki. Da suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Ibrahim Babari ya juyo ya ci Birnin Zamfara a farkon shekarun 1760, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. A zamanin Bawa Jan Gwarzo ne aka yi taron Idi na Magami, wajejen 1788, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Nafata ya zo ya kafa dokokin hana rawani da lulluɓi da taƙaita wa'azi. Yunfa ya gaje shi, al'amura suka dagule, aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni. A ƙarshen shekarar nan aka yi yaƙin Tsuntsuwa dab da Alƙalawa, inda jama'ar Shehu suka yi babban rashi, har aka ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani kusan 200 na cikin waɗanda suka kwanta dama. A watan Oktoba na 1808 rundunar Muhammadu Bello ta shiga birnin, aka kashe Yunfa. Ke nan duk zaman da Alƙalawa ta yi tana babban birni bai wuce kimanin shekara 50 ba, amma a cikin shekarun nan aka ƙulla kusan duk abin da ya haifi Arewar da muka sani.

Kafin mu ce uffan a kan zana ta, yana da kyau mu leƙa wata ƙasa mai nisa da ta riga mu shiga wannan lamari, wadda kuma ba baƙuwa ba ce ga ɗaliban ilimi. Ƙasar Sugud ke nan, a tsakiyar Asiya, inda Samarƙandi da Buhara suke, cikin ƙasashen Uzbekistan da Tajikistan na yau. Mutanenta fatake ne da suka riƙe hanyar ciniki tsakanin Sin da Farisa, kamar yadda Hausawa suka riƙe hanyar Gwanja. Su ma da ƙasa suke gini, da ɗanyen bulo da cuɗaɗɗen laka. Ƙutaiba ɗan Muslim ya ci Buhara a 709, ya ci Samarƙandi a 712. Wani sarkinsu mai suna Diwashti, na garin Fanjikent, ya gudu da jama'arsa ya fake a wani ɗan ƙaramin sansani bisa Dutsen Mug, aka kama shi a 722 aka kashe. Shekaru kaɗan bayan 770 aka watse daga Fanjikent, ta zama kufai, ta yi shiru har shekara 1,000 da ɗoriya.

A 1932 wani makiyayi ya tsinci wata takarda a kan dutsen nan. Da masana suka bi sawu a 1933, sai ga takardu kusan 80, wasu a fata, wasu a takarda, wasu a sanda: wasiƙun Diwashti, da lissafin hatsi da fatu, har da takardar ɗaurin aure. Akwai ma wasiƙa ɗaya ta Larabci da ya aika wa gwamnan Khurasan. Daga 1946 aka fara haƙa Fanjikent kanta, kuma aka shafe shekaru aru-aru ana yi, kowace shekara a buɗe 'yan ɗakuna, a auna, a rubuta. Wani masani mai suna Boris Marshak ya ƙarar da rayuwarsa a kan aikin, a can ya mutu a 2006, a can aka binne shi. Sun tarar da bangwaye a tsaye da zanensu, domin benen sama da ya rufto shi ya lulluɓe na ƙasa. Sun tarar da sassaƙen katako wanda gobara ta mayar gawayi, gawayin kuwa ba ya ruɓewa. Wutar da ta ci gidan ita ta adana shi. Bayan duk wannan wahala ne masu zanen gine-gine suka zauna suka fitar da hoton titunan garin da zaurukansa. Duk da haka, rufin ɗaki da saman bango, inda ƙasa ba ta bar shaida ba, da ƙiyasi suka cike, kuma suna faɗa.

Abin lura a nan, ya mai karatu, shi ne jerin aikin. Haƙa ta riga zane, awo ya riga launi. Hoton shi ne ƙarshen magana. Mu kuwa zamani ya ba mu na'urar da ke fara mana daga ƙarshe.

Mu ɗauka an yi wa Alƙalawa irin wannan aiki, an zo da masana an haƙa. Me ƙasa za ta iya faɗa? Za ta nuna inda ganuwa ta bi da faɗin gindinta, da ramin da ya kewaye ta, da gurbin ƙofofi in ruwa da garma ba su shafe ba. Za ta nuna rijiyoyi, da ramukan marina in akwai, da kashin maƙera inda aka yi ƙira, da irin tukwanen da aka dafa tuwo a ciki. Amma ba za ta faɗi tsayin ganuwa ba sai a kintata daga kaurin gindi. Ba za ta ce zauren Yunfa ɗaurin guga ne ko shimfiɗar azara ce ba. Ba za ta ce akwai zanko a kan soro ba, balle irin adon da ke bakin ƙofa. Kuma mafi yawan gidajen talakawa, in na kara da ciyawa ne kamar yadda aka saba a ƙauyukanmu, toka kawai suka bari. Da mai zane ya iso nan, hannunsa zai fara ƙaiƙayi, sai ya waiwaya Kano da Zariya ya yi aro.

Aron nan kuwa yana da tarko. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da bakan gizo masu ban mamaki, a shekarun 1830 aka yi shi, bayan Alƙalawa ta faɗi da fiye da shekara 20. Adon dagi da sauran zane-zanen da ke cika fuskar gidaje a Tudun Wadar Zariya da Kano, wanda yau kowa ke ɗauka shi ne ginin Hausa tun fil azal, a ƙarni na 20 ya bunƙasa, shi ya sa za ka ga har keke da agogo a jikin wasu. Wanda ya kwashi wannan ya manna wa fadar Bawa, ya sa wa kaka rigar jika. Kuma Gobir ba Kano ba ce. Mutanen da suka fito daga bakin Azbin, suka yi zama da Buzaye, suka shafe rayuwarsu a kan doki, ba dole ne gininsu ya zama na fataken Kurmi ba.

To me ya sa wannan ya zama batun ɗa'a, ba batun gwaninta kaɗai ba? Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Galibi muna kawo karin maganar nan ne don yabon gani, amma a juya ta a ga ɗaya fuskar. Tsoho in yana ba da labarin Alƙalawa yakan ce “an ce”, ko “haka na ji daga kakana”, wani lokaci ma ya ce “Allah Shi ne masani”. Waɗannan kalmomi ƙofa ce da ya bari a buɗe don mai sauraro ya san inda sani ya tsaya. Hoto ba ya da “an ce”. Ganuwar da aka auna da zankon da aka ƙaga duk da murya ɗaya suke magana, da launi ɗaya, da inuwa ɗaya. Da zarar yaro ya ga hoton a littafin makaranta, ya kori duk abin da ya ji, kuma ba zai sake fita daga kansa ba. Mu da ke aji mun san haka: ka yi awa guda kana bayani, ranar jarrabawa hoton da ke shafi na 12 shi za a zayyano maka. Don haka mai zana kufai matsayin mai ba da shaida yake, a kan mutanen da ba su da bakin musantawa. Mun kuwa san sunan shaidar da mutum ya bayar a kan abin da bai gani ba alhali yana nuna kamar ya gani.

Wani zai ce mun tsananta. Zai ce da babu gara ba daɗi: yaranmu na buɗe littafi suna ganin dalar Masar da fadojin Rum, in aka zo kan nasu sai fili fetal, har su ɗauka kakanninsu ba su gina komai ba. Wannan magana tana da nauyi, ba ma raina ta. Zai ƙara da cewa ginin ƙasa ai dama sabuntawa ce rayuwarsa. Babban masallacin Jenne da ke Mali a 1907 aka sake tayar da shi, kuma kowace shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, babu mai cewa na jabu ne. Hubbaren waliyyan Tumbutu da masu ɗauke da makamai suka rusa a 2012, an sake gina su zuwa 2015, duniya ta yaba, har kotun duniya da ke birnin Heg ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 a 2016 saboda rusa su. In ya halatta a can, me ya haramta a nan?

Bambancin, a ganinmu, yana ga igiyar sani, ko ta tsinke ko ba ta tsinke ba. A Tumbutu akwai hotunan hubbaren kafin a rusa, akwai ɓaraguzan a zube, akwai kuma gidajen magina da suka gaji kula da su kaka da kakanni, su aka ba aikin. Hannun da ya gina bai mutu ba. A Alƙalawa kuwa jama'ar ta watse, sarautar ta yi ta ƙaura, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Tsakanin magini na ƙarshe da ya yaɓe ganuwar nan da mu akwai zuriya bakwai ko takwas. Saboda irin wannan ne masana adana kayan tarihi da suka taru a birnin Benis na Italiya a 1964 suka amince cewa gyara ya tsaya daidai inda zato ya fara, duk abin da aka ƙara kuma a bar shi yadda ido zai gane sabo ne. Ba haka kawai suka faɗa ba, sun ga aika-aika. Arthur Evans ya tayar da fadar Nosos a tsibirin Kirit da siminti a shekarun 1920, yau masu yawon buɗe ido na kallon tunaninsa suna zaton na mutanen da ne. Saddam Husaini ya sake gina Babila a shekarun 1980 da bulo mai ɗauke da sunansa. Ba ma sai mun je nesa ba: an rushe Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta, yaran da aka haifa bayan nan kuwa ita suka sani a matsayin ƙofar kakanni.

Akwai misalin da ya fi kusa da abin da muke so. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana yawo a Nijeriya da ɗalibansa suna auna gine-ginen gargajiya tun suna tsaye, kamu bayan kamu. Da awon nan aka gina kwafin wani yanki na ganuwar Kano da na masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, da hannun magina na gado. Ya mutu a 1982, littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990. Bai taɓa kufan kowa ba, a fili dabam ya yi gininsa, kuma kowa ya shiga ya san kwafi yake kallo. (Yadda aka bar wurin ga ruwa da masu cin fili daga baya, wannan wani baƙin cikin ne na dabam.)

Amma ko da an warware batun awo, akwai tambayar da igiya ba ta aunawa: Alƙalawar wace rana za a zana? Ta ranar da Bawa ya dawo daga yaƙi da ganima, tambura na tashi? Ta ranar da sanƙira ya tsaya a kasuwa yana shelar dokokin Nafata? Ko ta safiyar Oktoban 1808, hayaƙi na tashi, mata na kuka? Kowace aka zaɓa an ɗauki ɓangare, ko an sani ko ba a sani ba. Mai son ya nuna Gobir gidan daula ce da aka zalunta zai ƙara wa ganuwa tsayi, ya cika kasuwa da walwala. Mai son ya nuna gidan zalunci ce da Allah Ya kawar zai duhunta fada, ya jera bayi cikin mari. Dukansu biyu na iya rantsuwa cewa ba su ƙaga ko tubali ɗaya ba, kuma dukansu sun karkata. Sa'an nan wa zai zana mutanen da suka ɗauko ƙasar ganuwar a ka? Ganuwa ba ta tsira kamar gamji. Talakawa da bayi ne suka kwaɓa, suka mulmula tubali, suka jera, amma a irin hotunan nan da wuya ka ga kowa sai mai rawani da mai doki.

Rubutattun madogaran ma suna da nasu nauyin. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan faɗuwar birnin daga alƙalamin waɗanda suka ci shi ya fito, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo. Malamai ne masu kiyaye amanar ilimi, amma labarin yaƙinsu suke bayarwa, ba safiyon gari suka zo yi ba. Muryar Gobirawa kuwa a baka ta fi zama, a Tsibiri da Sabon Birni, sai abin da Turawan Faransa na tawagar Tilho suka tattara wajen shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, da binciken 'ya'yanmu na jami'a irin na Abdullahi Rafi Augi a kan Gobir da na Garba Nadama a kan Zamfara. Diwashti ya yi sa'a, jakar wasiƙunsa ta tsira a kan dutse. Yunfa sai ta bakin wasu muke jin sa.

Kada kuma mai kukan Alƙalawa ya manta cewa a nan kusa da Isa akwai wani kufan da ya girme ta, wato Birnin Zamfara, kuma Gobirawa ne suka mayar da shi haka. In an tayar da ɗaya a hoto aka bar ɗaya a ƙasa, Bazamfare na da ikon ya tambayi dalili. Kafin nan ma, Surame ta Kanta, mai ganuwar dutse, wadda har yau ake ganin ragowarta, da hannun Gobir da Zamfara a cikin durƙushewarta. A ƙasar nan tamu kusan duk wanda aka ci garinsa, kakansa ya taɓa cin na wani.

Wannan ba hirar masana ba ce kawai ga mu mazauna nan. Sarautar Sarkin Gobir tana Sabon Birni a hannun zuriyar sarakunan Alƙalawa, tana kuma Isa a hannun zuriyar Muhammadu Bello, inda Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙoƙin da Bagobiri da Bafillace duk ke ji su girgiza kai. An yi auratayya, jini ya gauraya, da yawa daga cikinmu in aka bi salsala za a tarar kakanninmu na ciki da wajen ganuwar a rana ɗaya. Sai ga shi shekarun nan 'yan bindiga sun addabi yankin. A Disamba 2021 an ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannunsu cikin watan Agusta. A irin wannan yanayi akwai masu neman su fassara ta'addancin yau da yaƙin 1804, su raba mu gida biyu. Hoton Alƙalawa tana ci da wuta, wanda na'ura ta ƙaga cikin minti biyu, aka rubuta masa kalma uku a ƙasa aka watsa, yana iya yin ɓarnar da huɗuba goma ba za ta gyara ba.

To ashe sai a haramta zane ke nan? Ko kusa. A nan ne ma muke ganin marubuta na da abin koya wa masu zane. Mai ƙagaggen labari an ba shi lasisin ƙaga, domin bangon littafinsa ya riga ya gaya wa mai karatu irin cinikin da ake yi. Bello Kagara a Ganɗoki, wanda ya fito a 1934, ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da suka faru da gaske, sa'an nan ya wuce da gwarzonsa ƙasar aljannu, kuma babu mai karatun da ya ruɗe a kan inda aka tsallaka. Duk ɗan ƙungiyar nan da ke son ya rubuta labarin wata budurwa a Alƙalawar Nafata, ya gina mata soro yadda ya ga dama, Allah Ya ba da sa'a, muna ma roƙo a yi, don an bar fagen nan ba kowa. Laifin yana farawa ne ranar da ƙage ya tuɓe rigarsa ya sa ta tarihi.

Hanyar kauce wa haka kuwa muna da ita a gida, kuma abin sha'awa, daga ƙasar Sugud ɗin nan babban gwaninta ya fito. Imamu Buhari a Buhara aka haife shi a 810, kusa da Samarƙandi aka binne shi. Ba muna daidaita labarin ganuwa da maganar Manzo ba ne, Allah Ya tsare. Tsarin aikin muke aro. Malaman hadisi ba su yarda a kawo magana ba tare da an faɗi wanda ya ji daga wa ba, kuma sun ba kowace ruwaya daraja, wannan ingantacciya, wannan mai rauni. Me zai hana hoton kufai ya zo da nasa isnadin? Abin da aka auna a ƙasa a zana shi da baƙin layi mai kauri. Abin da aka ji daga tsofaffi a ba shi wani launi, a rubuta sunan tsohon da garinsa da shekarar da ya faɗa. Abin da aka aro daga Katsina ko Agadas a yi shi dishi-dishi, a ce aro ne. Inda ruwayar Tsibiri ta saɓa da ta Sakkwato a zana biyu a jere. Inda babu komai a bar farar takarda. Irin wannan hoto ba zai yi kyan na na'ura ba, ba kuma zai samu masu turawa da yawa ba. Amma ɗalibin da ya kalle shi zai tambayi me ya sa nan fari ne, malami kuwa ba ya neman abin da ya fi wannan tambaya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello duk suna da rawar takawa, in tsaro ya samu.

Kafin tsaron ya samu kuwa, akwai aikin da ba ya jiran kowa. A ƙasar Isa da Sabon Birni yau ana yin sababbin kufai. Ƙauyuka sun watse, rufin ɗakuna ya fara zubewa, damina uku ko huɗu ta isa ta mayar da garka tudu. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji, wasu suna Sakkwato, wasu a makarantu da kangwaye cikin garin Isa da Sabon Birni. Waɗannan mutane sun san inda masallacin garinsu yake, da wanda ya gina shi, da gabas ko yamma ƙofar mai gari ke kallo, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da tsamiyar da ake cin kasuwa a gindinta. Abin da muke cizon yatsa ba a tambayi mutanen Alƙalawa ba a 1809, ga masu amsa shi da ransu a kusa da mu. Littafin rubutu mai shafi 40 da biro sun isa a fara. A zauna da tsoho ko tsohuwa, a bar su su zana garin a ƙasa da tsinke, a kwafe a takarda, a karanta masu su gyara, sa'an nan a rubuta sunan mai bayani da ranar da aka yi hirar a ƙasan shafin.